Tsohuwar Makabarta a Gindin Dutse

Ban yi nisa da dawowa daga karatu a Amurka ba kakata ta aika a kira ni. Ita ce ta haifi mahaifina, kuma tun da ya rasu ba ta cika fita daga ɗakinta ba, a ƙauyenmu da ke tsakanin Ikara da Paki. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a faifai. Muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi gajiya, ta tambayi mutanen can kamar ta san su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta dube ni sama da ƙasa.

"Maigidan, haka ka dawo mini a rame? Ba su ba ka abinci ba ne, ko rowar taka ce ta bi ka har can?"

"Sun ba ni, Iya. Sanyi ne ya cinye."

Ta yi dariya kaɗan, ta ture faifan gefe. "Masu fasa dutse za su zo ranar Laraba su kafa turaku. Baffanka ya amince musu. Dutse dai ba ni na haife shi ba, su kwashe abinsu. Amma kakanka yana kwance a gindinsa. Ka je ka tsaya, kada motarsu ta bi ta kansa."

Na ce to. Sai na tambaye ta daidai ina yake kwance.

"Ni za ka tambaya? Mace tana zuwa makabarta ne? Daga bakin zaure na ga sun ɗauke shi sun nufi dutse. Iyakar abin da na gani ke nan."

An daina binne mutane a wannan wuri tun kafin a haife ni, aka koma sabuwar makabarta a gabas da gari. Kaburburanmu kuwa ba a rubuta musu suna. Tudun ƙasa ne, a ɗora ƙaya saboda dabbobi, wataƙila a kafa tsingaro ta wajen kai. Damina ta yi ta zuwa tana lallashe tudun har ya koma fili. Akwai wata kanya da tsofaffi suke kwatance da ita, masu gawayi sun sare ta. Cikin waɗanda suka ɗauki makarar kakana, Baffa kaɗai ya rage, ƙanin mahaifina, kuma a lokacin saurayi ne. Shi ne babban gida yanzu.

Ga kuma inda abin ya ɗaure. Tsakanin gonar Baffa da dutsen akwai wani fili mai ciyawa da sabara. Ta nan kamfanin yake son fitar da hanyar tifa. Idan filin nan makabarta ne, dole hanya ta matsa yamma, kuma yamma ita ce gonar Baffa, wadda ta fi kowace gonarsa ba da masara, wadda gidansa mai yawan baki yake ci daga gare ta.

Da ban je inda na je ba, ina jin da na ce wa kakata to, na je na tsaya a bayan manya na dawo. Amma na ga wani abu a can da ya hana ni sukuni.

Makarantar da na yi tana gabashin Kentaki, cikin duwatsun da suke kira Apalashiya. Wanda ya tashi a ƙasarmu, inda kake hango hadari tun yana Makarfi, zai sha wahalar wannan wuri da farko. Duwatsun ba su cika tsini ba, malamanmu sun ce tsufa ne ya lallashe su, suna cikin mafi daɗewa a duniya. Amma sun yi yawa, ɗaya bayan ɗaya, kowanne lulluɓe da itatuwa har kai. Mutane suna zaune a kwaruruwan da ke tsakani, gida bayan gida a bakin rafi, hanya ɗaya ta shiga, ita ce kuma ta fita. Rana ba ta leƙo wasu gidajen sai hantsi ya dubi ludayi, kafin la'asar kuma ta faɗa bayan dutse. Na daɗe ina jin kamar an rufe ni a cikin rumbu.

Na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa, mijinta ya yi aikin haƙar kwal har huhunsa ya lalace ya mutu. Abincinta wake ne da gurasar masara, sai wani ruwan zaƙi mai kauri da suke dafawa daga takanɗa, ɗanɗanonsa kusa da mazarƙwaila. Da ta gane ba na cin alade sai ta riƙa raba mini tukunya, tana mita cewa waken ba zai yi daɗi ba. Ita ta ba ni tarihin wurin, ba littafi ba, don haka ban ce duk abin da zan faɗa haka yake a kowane kwari ba. Ta ce kakanninsu sun shigo ne suka tarar da mutanen ƙasar na asali, aka kore waɗancan, su suka sare daji suka yi gonaki a jikin gangare. Daga baya wasu baƙi masu kyawun tufafi suka zo suka sayi abin da ke ƙarƙashin ƙasa, suka bar wa masu gona samanta. Masu gonar suka ga kamar sun sayar da abin da ba su taɓa gani ba. A zamanin mijinta rami ake haƙawa a shiga. A zamanin jikokinta kuwa kan dutsen ake fasawa gaba ɗaya, a ture ɓaraguzan cikin kwari, a kwashi kwal a fili.

Farkon bazararsu ta ce in raka ta gyaran kaburbura. Al'adarsu ce, sau ɗaya a shekara dangi su taru daga garuruwa masu nisa, su share makabartar gidansu, su ɗora furanni, su shimfiɗa abinci a wurin su ci. Na yi ta tunanin ko ya halatta in je. A ƙarshe na je don riƙe mata kwando, na ce zan tsaya a gefe.

Sai da muka nemi izini a ƙofar kamfani, aka ba mu hular kwano, motarsu ta shige gaba muna bi. Muka hau har inda daji ya ƙare. Ban san yadda zan kwatanta ba. Fili ne na tsakuwa da toka iya ganinka, babu ko tsuntsu, a tsakiyarsa kuma wani tudu a tsaye shi kaɗai, an yanke shi ta kowane gefe, da 'yan itatuwa a kansa. Makabartar ke nan. Dokarsu ta hana a taɓa kabari, shi ya sa aka cinye dutsen aka bar wannan.

Wasu kaburburan suna da suna a rubuce, tsofaffin kuwa dutse ne kawai a kafe. Amma ta san kowa. Tana tafe tana nunawa da sanda, wannan kakarta ce, wannan jaririn da zazzaɓi ya kashe, tun tana yarinya uwarta take kawo ta tana nuna mata haka. Suka yi waƙarsu ta ibada ba kiɗa, wani dattijo ya ja baiti, sauran su amsa a hankali suna jan sa har gashin jikina ya tashi. Muna saukowa ta nuna mini wani kwari da aka cike da ɓaraguzai, ta ce dangin uwarta suna can ƙasa. Waɗanda suka san wurin sun tafi birane neman aiki, ranar da aka zo tambaya ba a sami mai nunawa ba.

Wannan kwarin ne ya tsaya mini a rai bayan na fito daga ɗakin kakata. Mu ba mu da ranar shara, ba mu da suna a dutse, matanmu ba su san wurin ba. Mutum ɗaya muke da shi, kuma gonarsa ce a kan layi.

Ranar Talata da yamma na sami Baffa a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Na tsuguna na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye. Na ce wataƙila zai yi kyau a ɗan jinkirta, ko a tambayi wasu dattawa, ko da yake na san ya fi kowa sani, amma dai a wasu wurare na ga abin yakan zo da matsala, ban ce lallai nan ma haka zai zama ba.

"Ɗan boko," ya ce, bai ɗago ba, "ka yi magana ko ka yi shiru. Wannan da kake yi ba ɗaya daga ciki."

"Iya ce take tsoron kada hanya ta bi ta kan Malam."

"Ubana ne kafin ya zama kakanka. Ni na sa kafaɗa a makararsa, kana ina? Makabarta daga suri ta fara ta yi gabas. Filin nan babu kowa a ciki. Mun yi kiwon awaki a wurin."

Ya buga ƙotar da ƙasa ya miƙe. Ban ce ƙarya yake yi ba, har yau ban ce ba. Mutum yana iya tuna abu yadda yake buƙatarsa ba tare da ya sani ba. Kuma mai yiwuwa ne gaskiyarsa ce tsaf, ni ne na ɗauko tsoron wata ƙasa na kawo inda bai dace ba. Idan haka ne, zan sa a yanke wa marayu da jikokin da ke gidansa abincinsu saboda ciyawa da sabara.

Laraba da safe safiyo, mai awon fili, ya zo da motar kamfani. Mutumin kudancin Kaduna ne, mai ladabi, Hausarsa tas. Ya durƙusa ya gaida mai unguwa da Baffa, ya sauke na'urarsa mai ƙafa uku da ɗaurin turaku masu jan fenti a kai. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, masarar Baffa ta kai gwiwa, kore shar. Muka bi ta kunyoyi a jere, Baffa a gaba, ni a bayansa, sai mai unguwa da wasu magidanta, safiyo a ƙarshe.

"Baba, ku nuna mini inda makabarta ta tsaya kawai," in ji safiyo. "Ni abin da aka nuna mini nake bi. Amma in katafila ta tono abin da bai kamata ba, ni da ku duka mun shiga uku."

"Ba za ta tono komai ba sai gara," Baffa ya ce, aka yi dariya. Ya nuna surin da hannu, can gaba kusa da gindin dutse. "Mu je ka gani."

Gonar ta ƙare a wani layin gamba. Daga nan filin ya fara. Baffa ya tsallake gambar, ya yi taku kaɗan, yana ci gaba da yi wa mai unguwa maganar tsadar taki ta bayan kafaɗa. Sai na ga ya zame ƙafar dama daga silifa, ya zame ta hagu, ya sunkuya ya kwashe su a hannu ɗaya, ya ci gaba da tafiya ba takalmi. Bai tsaya ba, bai katse maganar ba.

A wurinmu ba a shiga makabarta da takalmi. Surin kuwa yana can nesa.

Na soma nema masa dalili. Ko laka ce? Amma lakar tana cikin gonar da muka baro, nan tsakuwa ce da ƙaya. Ko maɗaurin silifar ne ya tsinke? Ina ganinsu a hannunsa, lafiyarsu ƙalau. Manomi yakan cire takalmi in zai shiga gona, ban taɓa ganin wanda ya cire don zai fita ba. Na waiwaya. Mai unguwa yana kallon ƙasa yana kauce wa ƙaya, babu alamar ya lura. Safiyo yana gyara ɗaurin turakunsa.

Ba zan iya buɗe baki in ce wa ƙanin ubana, gaban mai unguwa da baƙo, ƙafarka ta saɓa wa bakinka ba. Wanda ya yi haka a garinmu ya gama zama ɗa a gidan. Idan kuma na yi shiru muka isa suri, za a kafa turke a can, shi ke nan. Na ji mai unguwa ya kusa cin karo da bayana, don na tsaya ban sani ba.

Na tsuguna na fara kwance igiyar takalmina. Takalmi ne mai nauyi da na saya don hawan duwatsun can, igiyarsa doguwa, sai ta ƙulle. Na ɗauki lokaci. Na cire, na cire safa, na ajiye su a kan tsakuwa. Na miƙe na yi sallamar da ake yi wa mazauna kabari, a hankali, amma yadda na kusa zai ji.

"A'a," mai unguwa ya ce. "Har mun shigo?"

Ya dubi ƙafata, ya dubi ƙafar Baffa a gaba. Sai ya zame nasa. Na bayansa suka zame nasu. Safiyo ya ajiye turakun, ya cire hularsa, ya tsaya a bakin gamba bai tsallako ba.

"Baba," ya ɗaga murya, "daga nan ta fara ne?"

Baffa ya juyo. Ya ga mutane a tsaye ba takalmi. Ya buɗe baki zai yi magana, sai idonsa ya sauka kan abin da ke hannunsa. Ya daɗe yana kallon silifan nan. Ina jin kukan wata kurciya daga jikin dutsen, ina jin ƙaya a tafin ƙafata, ban iya ɗagawa ba.

"Kai," ya ce da ni. "Me ka sani a nan?"

"Ban san komai ba, Baffa. Na ga ka cire ne na cire."

"Ka ga na cire."

"E, Baffa."

Ya tako ya dawo har inda nake. Na sunkuyar da kai, na ɗauka mari ne. Ya tsaya yana duban dutsen, ya dubi inda kanyar take a da, ya dubi gari, kamar mai auna wani abu da ido.

"Ranar, a nan Yaya ya ce in cire," ya ce, ba da ni yake ba, da mai unguwa yake. Yaya shi ne mahaifina. "Muna ɗauke da shi. Ya ce cire, mun iso. Amma mutane sukan cire tun da nisa, ai ka sani. Don girmamawa."

"Sukan yi haka," in ji mai unguwa. "Wasu kuma sai sun ga kabari."

"To daga nan mun yi tafiya ko ba mu yi ba?" Baffa ya tambaya, kamar akwai mai amsa masa. "Ina jin mun yi tafiya. Kafaɗata ta yi ciwo." Ya shafa kafaɗar. "Amma tun daga gida take ciwo."

Safiyo ya yi gyaran murya. "Baba, ku yi haƙuri, ni ba zan kafa a kan ina jin ba. In kun ce suri, ku faɗa gaban mai unguwa, in kafa a suri. In kun ce nan, hanya za ta shiga gonarku, ba kaɗan ba. Babu wata hanyar, dutse ya tare can."

Na so in ce a ɗaga zuwa wani mako. Na so in ce wataƙila ni ne na yi gaggawa. Kalmomin sun zo har bakina. Na san in na faɗe su Baffa zai kama su, kuma ba zan ga laifinsa ba. Na cije leɓe na kalli ƙasa.

"Alhaji," mai unguwa ya ce a hankali, "kai muke jira."

Baffa ya jefar da silifan. Ya tsallake gamba ya koma, ya zari turke ɗaya daga ɗaurin safiyo ba tare da ya nemi izini ba, ya karɓi guduma. Ya kafa shi daidai gindin gambar, ta ɓangaren gonarsa, ya yi ta dukansa har jan fentin ya kusa shigewa ƙasa.

"Daga nan ka auna ka yi yamma," ya ce. "Ban ce akwai kowa a can ba. Ban sani ba ne."

Safiyo ya kafa na'urarsa. Muna tsaye muna kallo jan turaku suna shiga cikin masara ɗaya bayan ɗaya, kunya bayan kunya, sun fi yadda na zata shiga ciki sosai. Wani daga cikin magidantan ya ce Allah ya mayar da alheri.

Da na koma na gaya wa kakata, ta tambaye ni ko na ga kabarin. Na ce ban gani ba, babu wanda ya gani, amma mota ba za ta bi ta filin ba. Ta ce, "To gonar fa?" Na gaya mata. Sai ta ce in tashi in ba ta wuri.

Kwanakin da suka biyo baya ina gaida Baffa yana amsawa da kalma ɗaya. Matansa suka daina aiko mini da fura. Babban ɗansa, wanda muka tashi tare, ya tare ni a hanyar masallaci ya ce, "Malam mai ilimi, in hatsi ya yanke mana kafin kaka, gidanku za mu zo ko Amurka?" Ni ma na san tambayar tasa tana kan hanya.

Ana gobe katafila za ta zo, Baffa ya aiko a kira ni gona da sassafe. Na same shi a tsakanin turakun da lauje biyu. Ya miƙo mini ɗaya ta ƙota.

"Tunda ba za ta yi zangarniya ba, awaki su ci," ya ce. "Ka fara daga can, ni daga nan. Ka yanke ƙasa-ƙasa, kada ka bar rabi."

Na karɓa na tafi ƙarshen kunyar. Masarar tana da taushi, lauje yana shiga ba wuya, ruwanta yana jiƙa mini hannu. Muka yi ta yanka muna tarawa har rana ta yi zafi. Da muka haɗu a tsakiya ya dubi damin da na ɗaure, ya kwance shi, ya sake ɗaurewa da kyau, ya ɗora mini a ka.